Anka a Dadin Kowa

Kawu Bappayo ya dawo daga Ikko
da tari, da akwatin kwano, da wani ƙarfe mai ƙaho biyu.
Shekara ashirin da shida yana kankare tsatsa a jirgin ruwa.
Sai da ƙarti uku suka kama
kafin ƙarfen ya sauka daga mota.

Muka ce, Kawu, mene ne wannan?
Ya ce, anga.
Inna Dudu ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu,
ta ce, ai kuwa an ga,
an ga abin da ka tara.

Shi bai tanka ba.
Ya ja shi gindin mangwaro, ya ɗaure akuya.

A bakin dam akwai wani masunci, Ɗangaske,
mutumin Argungu, mai gyaran koma da haƙori.
Na ce masa a makaranta anka aka rubuta mana, ba anga ba.
Ya yi dariya har zare ya kuɓuce masa.
Ya ce, ɗiyata, mu can anka ba ƙarhe ba ta,
anka zo, anka ci, anka tahi,
duk abin da ya wuce, da ita muka ɗaure shi.
Direban da ke jiran kifi ya ce ƙarya ne,
Anka gari ne a Zamfara,
ya taɓa kwana can da taya ta fashe.

Na girma, na tafi Gombe karatu,
na sami ƙamus mai cin gara a ɗakin littattafai.
Ashe kalmar ma baƙuwa ce a bakin Turawa.
Girkawa suka fara kiran ƙugiyar jirginsu da ita,
Rumawa suka ara ba su mayar ba,
ta bi teku tana sauya riga
har ta faɗo tashar Apapa,
wani lebura ya ɗauke ta, ya yar da wutsiyar.
Abin da aka ƙera don ya hana tafiya,
dubi irin tafiyar da sunansa ya yi.

Kuma ba ta tsaya a ruwa ba.
Mai karanta labarai a talabijin, da ita suke kiransa.
Ƙaton da ke ƙarshen igiya ranar wasan ja-in-ja,
wanda ke kafa dugadugai a ƙasa, shi ma.
Mai gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda.
Har ƙusar da magini ke binnewa a siminti.
Na rubuta su duka a bayan littafin lissafi
na kawo wa Kawu da hutu.

Ya saurara yana tari.
Ya ce, ƙamus ɗinki ya taɓa jin ƙararta?
Tsakar dare, sarƙa na zuba kamar ana juye tsakuwa,
jirgi ya yi gaba kaɗan, ya yi baya,
sai shiru.
A wannan shirun ne nake tuna gida.

Kwalekwalen Dadin Kowa ba su san ta ba.
Dutse ake sa wa a tsohon buhu, a jefa,
kuma yana riƙewa.

Bara Kawu ya rasu, da kaka, ana yankan shinkafa.
Masu jari-bola sun zo sau biyu da sikeli.
Inna Dudu, wadda ta shekara talatin tana tuntuɓe da shi
tana tsine wa Ikko,
ta ce ba na sayarwa ba ne.

Yanzu ƙaho ɗaya ya nutse a ƙasa,
saiwar mangwaro ta bi ta zoben.
Jikokin akuyar ne ke ɗaure a jiki.
In yara suka tambaye ni sunansa
nakan buɗe baki da na ƙamus,
sai na Kawu ya riga shi fita.